Agogon da Mai Shi Bai Zo Ba

Babana Istifanus mai gyaran agogo ne,
Teburinsa na nan daf da Ƙofar Ƙaura.
Gilashi a ido ɗaya, ɗan hantsaki a hannu,
Agogo talatin na bugawa a gabansa,
Ko biyu cikinsu bakinsu bai zo ɗaya ba.

Shekarar da na shiga aji huɗu
Wani mai wa'azi ya sauko daga motar Funtuwa
Da ƙyalle mai zanen ƙahoni da kawuna.
Ya ɗora lissafin Daniyel kan na Yohanna,
Ya ce watan tara, ran goma sha bakwai,
Ba za mu ga girbin gero ba.

Habila maƙwabcinmu ya kaɗa awakinsa kasuwa,
Ya biya bashin da ya shekara shida yana musu.
Matarsa ta yanka zakaran Kirsimeti tun da damina,
Ta ce bari a ci, gobe ba tamu ba.

Baba ya lashi yatsa, ya buɗe Littafi
Wurin da gumin hannu ya mai da takarda ja.
Ya ce, "Yaƙi da jita-jitarsa, an faɗa.
Yunwa, rawar ƙasa, sanyin ƙauna, an faɗa.
Masu cewa ga shi can a daji, ga shi nan a ɗaki,
Su ma an faɗa.
Amma wannan farkon naƙuda ce,
Ba a raɗa suna da ciwon fari.
Ranar da sa'ar kuwa, Matiyu shaida ne,
Ko mala'iku ba a gaya musu ba."

Ranar ta zo. Aka yi yayyafi da hantsi.
Gero ya nuna, tsuntsaye suka sauka,
Habila ya zo aron lauje, kansa a ƙasa.
Na tuntsire da dariya, Baba ya kama kunnena:
"Kwanan wata ya ɓata masa, yaro,
Jiran da ya yi bai ɓata ba."

Inna Saraya ba ta iya boko ba,
Amma ta san mata biyu za su je niƙa,
A ɗauki ɗaya, a bar ɗaya da tsaba.
Ko akwai wuta, sai ta cika fitila da kananzir,
Ta datse lagwani, ta ce ango ɗan dare ne,
Ɓarawo ma bai taɓa aiko da saƙo ba.
Ɓauren bayan gidanmu in ya yi toho
Sai ta daɗe tana dubansa, ba ta ce komai ba.

Akwai wani agogo a ƙasan akwatin Baba.
Baƙo ne ya bar shi, ya biya tun kafin gyara,
Ya ce, "Ina nan dawowa."
Shekara goma sha tara Baba na murɗa shi kowace safiya.
An taya shi sau uku, da tsada,
Ya ce kayan amana ba na sayarwa ba.

Bara muka kwantar da shi, fuska na duban gabas.
Fasto ya karanta abin da Bulus ya rubuta:
Ƙaho zai yi ƙara, cikin ƙiftawar ido,
Waɗanda suka yi barci su za su riga mu tashi.
Sannan birnin da Yohanna ya hango daga tsibiri,
Inda hannu ɗaya zai share kowane hawaye,
Inda ba a bukatar rana, balle fitilar Inna.
Na so in tambaya ko akwai aikin Baba a can,
Tunda dare ba zai sake yi ba.

Teburin yanzu nawa ne, kasuwa ta ja baya,
Kowa na duba lokaci a wayarsa.
Wasu ranaku imanina kamar tsohon batir,
Ya yi tafiya, ya tsaya, sai an ɗan buga shi.
Duk da haka da safe nakan buɗe akwatin,
In murɗa, in kara a kunne, in goge gilashin.
Yana tafiya daidai.
Mai shi dai bai zo ba.