Daga Ƙanƙara Zuwa Garwashi

Ƙarfe bakwai a Farin Gada.
Ruwa ya ɗauke, bai gama ɗaukewa ba,
kwalta na sheƙi, 'yan keke na faɗa da taɓo,
ni kuwa na yi mantuwa.
Tun azahar ya kamata in fito da naman ya saki jiki.
Na buɗe firiza: faifai goma sha biyu
sun manne da juna
kamar fasinjojin bayan tasi mai zuwa Bukuru.

Na sa bakin wuƙa a tsakani, na buga da tafin hannu.
Ɗaya ya faɗo kan tire
da ƙara irin ta murfin tukunya.

Kaneng mai suyar dankali ta leƙo daga rumfarta:
"Wannan za ka ba mutane?
Ai Jos ba ta rasa duwatsu ba."
Na ce ta bari ta gani.
Ni kaina ban san me za ta gani ba.

Da Baba Tanimu na da rai, da ya tofar da goronsa.
Shekara talatin yana tsire a Titin Bauchi,
naman da bai yi numfashi da safe ba
ba ya hawa tukubarsa da yamma.
Boga kuwa, in ji shi,
nama ne da aka riga aka tauna wa malalaci.

To, amma wutarsa ce a hannuna.
Na ture garwashi gefe guda,
ɗaya gefen na bar masa rushi kaɗan,
na ɗora su a kan raga.

Shiru.

Daskararren nama ba ya kuka da wuri.
Gumi yake fara yi,
farin da ke bayansa ya koma raɓa,
raɓar ta ɗiga, garwashi ya ja tsaki.
Sai a lokacin gishiri ke yarda ya zauna.
Ka barbaɗa kafin nan,
ya tarwatse kamar tsakuwa a kan kwano.

Nanret da ƙawarta sun iso daga Naraguta,
jarrabawa gobe, yunwa yau,
hannuwa a cikin rigar sanyi.
"Oga, minti nawa?"
Na ce goma.
Ashirin ne, Allah ya yafe mini.

Don na san wuta mai gaggawa, maƙaryaciya ce.
Takan gasa baya ya yi kyau har da zane,
ka gatsa ka tarar da ciki ja wur,
da sanyi kamar gindin randa.
Na taɓa yarda da ita sau ɗaya.
Davou mai gyaran waya
kwana biyu bai buɗe shago ba,
har yau daga tsallaken titi yake gaishe ni.

Na juya. Na jira. Na sake juyawa.
Hannuna na ƙaiƙayin ya danne su da cokali,
muryar Baba ta riƙe mini gwiwar hannu:
romon da ya fita ba ya komawa gida.
Kitse ya ɗiga, harshen wuta ya miƙe tsaye,
na janye su gefe har ya huce.
Albasa ta hau. Burodi ya sha ɗumi a bakin raga.

Na tsaga na farko a gaban kowa.
Tururi ya tashi daga tsakiya,
babu ja, babu sanyi,
ruwansa garau.

Kaneng ta gutsura ba ta tambaya ba,
ta tauna, ta dubi sama,
ta ce yaji ya yi kaɗan.
Ta sake gutsura.

'Yan makaranta sun tafi da nasu cikin takarda,
suna ɗumama tafi da shi kafin su ci.
Saura tara.
Na share maiƙo a wando, na ɗauko waya,
na sa ƙararrawar azahar ta gobe,
kusa da ta jiya
wadda na kashe, na ci gaba da barci.