Shanya a Genova

Shekara arba'in ina shanya a baranda,
jiragen ruwa na wucewa ta bayan rigunan Fausto,
ban taɓa ɗaga musu hannu ba.
Na ce teku na masu kuɗi ne
da waɗanda ba mai jiran su a gida.

Da muka binne shi, Ilaria ta tura tikiti
ƙarƙashin kofin gahawata, ta fice.

Daren farko na yi amai sau uku,
na zagi 'yata, na zagi ruwa.
Asuba ta uku na fito da bargo a kafaɗa,
ba tudu, ba tsuntsu,
sai yaro mai goge dandamali
ya ce, "Uwa, dubi can."
Ga tsibiri na tasowa kamar burodi a tanda.

Bana tafiyata ta tara ke nan.
Canjin cefane na shiga gwangwanin tumatir.
Na san wane kuku ke cika gishiri,
na koyi rawa da gwiwa mai ciwo.

In mun bar tasha nakan nemo unguwarmu da ido,
in ɗaga wa shanyar maƙwabta hannu,
ko da wata na kallo.