Taku Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe huɗu na asuba, Dolgellau na barci,
ni da Emrys Pugh muka shiga daji.
Shi ke tuƙi, ni ke riƙe da takarda,
fensir ɗaya a hannu, ɗaya a bayan kunne.

Hanyar da muka bari jiya da yamma
ba ita muka tarar ba.
Ashe hanya ma tana juyi cikin barcinta.
Ruwa ya ci gefenta a mil na uku,
masu yankan katako sun jibge gungume
daidai inda mota ke son buɗe ƙirji.
Na rubuta: kada a matsa dama. Na ja layi biyu.

A bakin tsohuwar gada Emrys ya taka birki,
motar ta yi kunnen uwar shegu, ta ci gaba abinta.
Da ƙyar ta tsaya.
Na sauka, na haska tocila.
Ƙasa baƙa wuluk, tana sheƙi kamar an shafa mata mai.
Na cire safar hannu, na ɗora tafina:
ƙanƙara ce, siririya kamar ɓawon albasa,
ta yi lamo tana jiran mai sauri.

"Nan ne," in ji Emrys, "shekara ashirin da biyu ke nan."
Ya nuna wani kututture da haɓa.
Ban tambaye shi ko wane ne ba.
Na ƙirga taku daga kwana zuwa santsi,
arba'in da ɗaya,
na rubuta da ja.

A garinmu cewa ake gani ya kori ji.
Carys kuwa ba za ta gani ba.
Za ta iso nan kafin ido ya gama ƙiftawa,
muryar Gethin a kunnenta
yana karanta abin da tafina ya taɓa.
Rai biyu a rataye jikin rubutuna,
ni da Malam Sidi ya sha zanewa kan munin rubutu!

Takwas da kwata muna bayan igiya,
cikin 'yan kallo masu hulunan ulu.
Can sai ga ruri yana tsaga itatuwa,
yana hauhawa, yana hauhawa,
sai kuma, gab da gada,
injin ya haɗiye muryarsa.
Numfashi ɗaya.
Ta ratsa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai,
sannan ta watsa mana tsakuwa, ta ɓace.

Wani kusa da ni ya ja tsaki:
"Tsoro ta ji, ta zubar da daƙiƙa biyu a banza."

Emrys bai ko dube shi ba.
Ya buɗe fulas, ya tsiyaya mini shayin da ya huce,
rabi a kofi, rabi a kan takalmina,
don hannunsa na rawa.

Saura hanya uku kafin azahar.
Na feƙe fensir.