Wuƙar da Ba Ta da Gari

Ranar Alhamis na rufe rumfar dukanci,
hannuna na warin bagaruwa da jar fata,
na bi ta gindin duwatsun Birni
na gangara Kasuwar Dole.
Wuƙa nake nema, mai naɗewa,
wadda za ta kwanta lamo a aljihu,
don ta babana dutsen washi ya cinye ta,
saura siririn ƙarfe kamar jinjirin wata.

Ma'azu ɗan Tanut ya shimfiɗa baƙin ƙyalle,
ya jera su kai da kai.
"Ƙotar duka titaniyom ce," in ji shi,
"ba tsatsa, ba nauyi,
ko damina ta kwana a kanta ba ruwanta.
Kai dai zaɓi ƙasa."

Ƙasa! Ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba.

Ya ɗora mini ta Jamus a tafi,
sanyi gare ta kamar gindin randa,
ba ta fara'a. Jikka ashirin da biyar.
Ta Japan ta buɗe ko tari babu,
na gwada ta a damtse,
gashi ya zube bai san an zo ba.
Ta Amurka ƙatuwa ce, da ƙugiya a ƙugu,
tana rufewa da ƙarfi, ƙwas,
kamar mai kuɗi ya buga ƙofar mota
don unguwa ta ji ya dawo.
Ta Sin kuwa da ɗan yatsa ya ture ta:
"Wannan ta yara ce."

Ina juya su, ina lissafin hatsin gida,
sai kunnena ya tsinci ƙwanƙwasa bayan labulen buhu.
Na san wannan sautin,
shekara talatin da shi nake cin tuwo.
Na leƙa.
Falalu ne, yaron rumfa, ya tanƙwashe ƙafa,
ga ƴar guduma, ga hatimai na ƙarfe,
ga kwali ɗaya tal da ya taso daga Kwatano
cike da wuƙaƙe ba suna ba asali.
Shi ke raba musu iyaye.
Kafin azahar biyar sun zama Jamusawa.

Ma'azu ya kalle ni.
Ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

Na cika baki da magana zan zubar,
sai na tuna jakunkuna goma sha biyu
da na ɗinka bara da hannun nan,
dillali ya ce in buga musu Agadas,
wai baƙi sun fi son sunan.
Na buga, na karɓa, na auno gero.
Laifi tudu ne, ga nawa a ƙarƙashin takalmina.
Na haɗiye.

"Falalu, ajiye gudumar. Turo kwalin."

Na zaro guntun kirgi daga aljihu.
Buɗe, rufe, kunne a kan gaɓa.
Wata tana rawa kamar haƙorin tsoho,
wata ta cije ni a babban yatsa,
wasu ba yabo ba fallasa.
Ta tara ce ta shiga kirgin
kamar an taɓa kwatanta mata hanya,
ta fito, ta naɗe, ta yi shiru.

Ma'azu ya sosa ƙeya:
"To, nawa zan ce? Ba a yi mata ƙasa ba tukuna."
Muka yi dariya har mai shayi ya waiwayo.
Jikka shida, da goro ɗaya ga Falalu.

Da dare, a hasken fitila,
ina yanka mata kube da fatar jar akuya,
Zuwaira ta ce, "Baba, ta ina ce?"
Na ajiye ta kusa da tsohuwar,
wadda Gonda maƙeri ya fitar wa babana
daga ƙarfen wata babbar mota
da ta mutu a hanyar Mirya.
Shekara arba'in tana yanka,
ba wanda ya tambayi garin motar.

Na ce, "Riƙe mini fitilar da kyau.
Ɗinkin nan zai karkace."