Ƙarfe Tara a Agege

Ƙarfe tara, jirgin ƙasa na girgiza tagarmu.
Tasalla ta haɗiye ƙwayarta,
na haɗiye tawa, kofi ɗaya.
Tata na danne cuta mai karya garkuwa,
tawa na gadin ƙofa.

Ranar da sakamakonmu ya bambanta a Idi-Araba
ba ta ce uffan ba cikin danfo,
sai a Oshodi:
"Barau, in sauka za ka yi, sauka."
Na miƙa wa kwandasta kuɗin mutum biyu.

Jiya nas ta ce
ko da fitila ba a ganin cutar a jininta.
Tasalla ta rangaɗa guɗa a layi,
Yarbawa na kallo.

Na sayo tsire.
Yaji ya yi yawa.
Mun cinye.