Rabin Ƙwaya

Dakta Whitaker ta juyo mini da fuskar kwamfuta:
"Sallau, kowane wata za mu rage kaɗan."
Layin yana gangarowa sumul
kamar titin unguwarmu zuwa tsakiyar Sheffield.
Na ce, "Shekara sha tara ina tuƙa bas a gangaren nan.
Na san inda birki ke ƙin ci."

Ba muguwa ba ce.
Ta ce jikina ya saba da maganin,
tana tsoron numfashina cikin barci.
Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Kafin in gama fassara mata
minti gomanmu ya cika.

Daga ɗaya zuwa goma, wai nawa ne ciwon?
Wace lamba zan ba safar
da na kasa sakawa tun asuba?
Sujada a kan kujera fa, nawa ce?

Ƙarfe uku na dare.
Na raba ƙwayar da wuƙar albasa,
rabi ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin firij.
Ina tsaye ina kallon wurin.
Bayana ba ya sunkuyawa,
Kuluwa kuma da sassafe za ta fita aiki,
ba zan tashe ta ba.

Wataƙila likitar na da gaskiya.
Duk da haka na rubuta a bayan takardar kuɗin wuta:
Laraba, ka ce mata ka yarda,
amma ta bari sanyi ya wuce tukuna.