Kunamar Hudu

Wata bakwai Hudu yana ɓoye da ita a shagon walda,
bayan injin niƙan Ɗanliti, a bakin hanyar Kiyawa.
Mu dai tartsatsi muke hange ta hujin langa-langa,
shuɗi, ja, sai duhu idan janareta ya shaƙe.

Gangar jikin ta wani tsohon babur ce da ya daki kwalbati.
Ya yanka, ya ƙara mata ƙashi da bututun burtsatse
har ta kai tsawon jaki biyu.
Tankin mai tukunyar shayin Mati ce da ta huje,
ya liƙe, ya dirje da toka da lemon tsami
har kana ganin haƙoranka a ciki.
Mariƙinta ƙahon bijimi daga mahauta.
A baya ya ƙera sarƙa gaɓa-gaɓa, ta lanƙwaso sama,
da jar fitila a tsini.
Ya ce sunanta Kunama.

Inna ta ce, "Fasinja fa, ina zai zauna?"
"Ba ta ɗaukar kowa."
"Buhu?"
"Ko mudu."
Ta tafa hannu, ta koma tsintar shinkafarta.

Inji ne babu.
Daren jajibiri muka gangara fadama, ni da shi,
muka kwance na ban ruwan Baba,
ni ke riƙe da sifana, gwiwata na rawa.

A filin ƙwallon Shuwarin an jera su goma sha tara,
na Haɗejia mai madubi arba'in,
na Gumel mai taya kamar ta tarakta.
Alƙalai na zagaye da tef da biro.
Hudu ya ja igiya.
Tuf. Tuf-tuf-tuf.
Wani tsoho mai garma a kafaɗa ya karkata kunne,
ya ce, "Wannan ai kukan lambu ne."

Ta biyu muka zo.
Galan ɗin baƙin mai, da kofi mai ruwan gwal da ke ɓarewa a hannu.

Bayan isha muka tarar da Baba a bakin kwami,
ganyen tumatir duk ya sunkuyar da kai.
Bai ɗaga murya ba. Tocila ya haska mana.
"Ta yi gudu?"
"Ba a gudu, Baba, kallo ake."
"To ɗaura. Tumatir ba ya shan kallo."

Yanzu tana shago, wutsiya a sama, ciki fayau.
A gurbin injin kazar Inna ta yi ƙwai shida,
kuma Hudu ya hana kowa ya kore ta.